Kafin ku bari yara su sa wa kazar gida suna

Jama'a yau inaso in yi magana akan kiwon kaji a bayan gida, ba irin na kasuwa ba da mutum zai zuba dubu yana lissafin buhun abinci da riba, a'a, irin wanda za ka ga gida da kaji huɗu ko biyar, yara sun sa musu suna, suna ɗaukarsu suna shafawa kamar mage. Nasan wasu za su ce haba dai, kaza kuma? Ai sabo da kaza baya hana yanka. To ni dai ina goyon bayan abin, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne iyaye da yawa suke tsallakewa.

Masu cewa kaza bata da wayo basu taɓa zama sun kalle ta ba ne kawai. Ka ja kujera gefen akurki da yamma ka yi shiru, za ka ga kowacce da halinta. Akwai wadda in aka zuba tsaba ita ce ta farko kuma ba mai matsowa sai ta ƙoshi, akwai ta ƙarshe wadda take raɓe-raɓe a gefe tana jiran ragowa, kuma wannan jerin ba a rikice yake ba, kowa yasan wa zai tsatstsaga kuma wa zai kauce wa. Wani masani ɗan ƙasar Norwe mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe ya rubuta wannan tsarin tun a shekarun 1920. Kukan gargaɗinsu ma kala biyu ne. In inuwar shaho ta gifta, zakara zai saki wani siririn kuka mai tsawo, nan take kowa ya duƙa ya nemi ƙarƙashin wani abu ya laɓe. In kuma muzuru ne ko kare a ƙasa, kukan daban ne, mai ƙarfi a yanke-yanke, sai ka ga sun miƙe wuya suna leƙe. Zakara na kirki in ya tono tsutsa baya haɗiyewa, ɗauka yake ya ajiye ya sake ɗauka yana ƙut-ƙut-ƙut har sai matan sun rugo. Ita kuma goge bakin nan da ake zagin marasa godiya da shi, tsafta ce take yi, tana share bakin kuma tana gyara tsininsa.

Ga yaro kuwa wallahi makaranta ce. Kwana 21 kaza take kwanci, yaro yana ƙirgawa da yatsu, ana saura kwana ɗaya ko biyu in ya kara ƙwan a kunne zai ji ɗan tsako yana tsiyau-tsiyau daga ciki, uwar kuma tana amsa masa a hankali. Babu bidiyon da zai koya masa abinda wannan zai koya masa. Ga tashi da safe a buɗe akurki, a wanke mazubin ruwa, a duba ko wata ta yi lamo. Yaron da ya saba da cewa akwai mai rai da ke jiran hannunsa kafin ta sha ruwa, ba sai an yi ta yi masa wa'azin ɗaukar nauyi ba.

To ga sharaɗin. Ku yanke shawara tun ranar farko, wannan kazar ta gida ce ko ta tukunya. Duk biyun ba laifi bane, ni ba zan ce wa kowa kar ya ci nama ba. Abinda bana so shi ne ka bar yarinya ta kwashe shekara biyu tana kiran kaza da suna, tana ajiye mata ɓarɓashin abincinta, sannan rana ɗaya ta dawo daga makaranta ta tarar da gashi a bola, ta yi kuka a yi mata dariya ko a ce mata wai ta ɓata. Yara ba su da mantuwa akan irin wannan, kuma ba naman bane yake musu ciwo, ƙaryar ce. In ta yanka ce ku gaya musu tun tana tsako, yara suna fahimta fiye da yadda muke zato.

Dalilin da yasa nake matsawa akan wannan shi ne lissafin shekaru. Kaza tana fara ƙwai tana wata biyar zuwa shida, shekara biyun farko ta yi da kyau, daga nan ƙwan ya riƙa ja da baya. Amma ita kanta in ta samu kulawa tana iya kaiwa shekara takwas, wasu har goma. Kaga kenan akwai shekaru masu yawa da za ta riƙa ci tana kashi tana yawo a tsakar gida ba tare da ta baka komai ba sai ɗan ƙwai jefi-jefi. Wanda ya ɗauke ta a matsayin dabbar gida dole ya yarda da wannan tun farko, kamar yadda ba wanda yake tambayar magensa me ta kawo yau.

Sannan a zaɓi irin da ya dace. Dan Allah kar a sayo wa yara 'yan tsakin broila a ce za a riƙe su. An ƙirƙiri irin ne don ya kai yanka cikin sati shida ko bakwai, jikin yana yin nauyin da ƙafa da zuciya basa iya ɗauka, in ka bar shi ya daɗe za ka ga yana zaune gaban abinci yana haki ya kasa tashi, abin tausayi. Masu ƙwan kamfani kuma, masu yin kusan 300 a shekara, jikinsu yana gajiya da wuri. Kakarsu ta daji da ke kudu maso gabashin Asiya, wadda duk kajin duniya suka fito daga gare ta, ƙwai kaɗan take yi a shekara ta kwanta a kai. Kajin gargajiya na yankin da mutum yake sun fi juriya, kajin ƙasashen waje irin su Silkie da Brahma da Orpington kuma an san su da sanyin hali. Kuma kar a ajiye guda ɗaya tal, kaza 'yar taro ce, a ƙalla uku.

Yanzu maganar da masu ɗora hoto basa so. Son kaza ba rungumarta bane da sumbatar baki. Kaza lafiyayya garau tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinta da gashinta, ita bata jin komai, yaron da ya taɓa ta ya sa hannu a baki shi zai kwana yana gudawa da zazzaɓi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sha yin gargaɗi cewa kar a sumbaci kajin gida, kar a ci abinci a kusa da su, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 kar a bari su riƙa ɗaukar 'yan tsaki. Sabulu da ruwa bayan an taɓa su, takalmin shiga akurki daban, kuma kaza bata da aiki a kicin ko kan kujerar falo komai sabonta. Ga murar tsuntsaye, H5N1, wadda tsuntsayen daji ke yawo da ita, shi yasa abinci da ruwan kaji ya kamata su kasance a inda tsuntsun waje bazai sauka a kai ba. In ka wayi gari ka ga biyu uku sun mutu lokaci ɗaya, kar yara su taɓa, a kira likitan dabbobi.

Rigakafi kuma ba na masu gona kaɗai bane. Cutar Newcastle in ta shigo gida tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki, ka ga kaza ta murɗe wuya tana zagaye, kuma bata da magani, rigakafin ne kawai, wani ma a ido ake ɗigawa ko a ruwan sha. Sabuwar kaza in ta zo a killace ta gefe na sati uku ko huɗu kafin a haɗa. Mutane suna raina wannan, kuma ta nan ake kwasar asara.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ne kiwon. Kaza bata gumi, in ka ga ta buɗe baki ta saki fukafukai zafi ne ya dame ta, a nemo inuwa da ruwa mai sanyi. A bar mata busasshiyar ƙasa da ɗan toka ta yi birgima, da shi take kakkaɓe ƙwarƙwata. Bata da haƙori, ƙananan tsakuwa take haɗiya ƙundunta ya niƙa abinci da su, mai ƙwai kuma tana buƙatar sinadarin kalsiyam, in ya yi ƙaranci sai ɓawon ya fito laushi. Abinci mai fumfuna a zubar, kar a ce ai kaji ne. Da dare kuwa bata gani sosai, shi yasa take hawa sanda tun magariba, kuma shi yasa akurkin da ba'a rufe ba sadaka ce ga muzuru da ɓeraye.

Saura zakara. Da yawa basu san kaza tana ƙwai ko babu zakara ba, ƙyanƙyasa ce kawai ke buƙatarsa. In kuna cikin maƙwabta a matse ku yi tunani, domin baya jiran asuba, tsakar dare ma in ya ga fitila cara zai yi, kuma wani in ya balaga yara yake bi da kafsa. In kuma kun ce lallai sai yara sun ga ƙyanƙyasa, ku sani kusan rabin 'yan tsakin maza za su fito, zakara ɗaya kuma ya ishi kaji goma. In suka yi yawa faɗa za su yi ta yi suna tsige bayan matan. Ku san inda za ku kai ragowar tun kafin a sa ƙwan a ƙarƙashin uwar, domin wata huɗu ko biyar kacal kuke da shi kafin su fara cara.