Layuka kawai na nema, ba ado ba

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: ƙarfe 2 na dare cron, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ya tayar da psql, manhajar magana da rumbun bayanai na PostgreSQL, ya ɗebo bayanai daga rumbun, ya zuba a fayil. Shi ke nan.

Da safe na buɗe fayil ɗin, sai ga sunayen ginshiƙai a sama, jerin karan-ɗori a ƙarƙashinsu, sanduna tsakanin kalmomi, can ƙasa kuma an ƙara layin da ke ƙirga yawan sakamako. Manhajar da za ta karanta shi ta ci karo da wannan layi na ƙarshe, ta cije. An yi wa idon mutum kwalliya, alhali ba mai kallo da tsakar dare.

Na sa wa psql -A da -t don cire adon, daga baya na koma --csv, mai raba bayanai da waƙafi, da ya zo a fitowa ta 12 ta PostgreSQL. Sai wata ta ɓullo: alamar % da na rubuta a crontab, fayil ɗin jadawalin cron, don kwanan wata, ashe cron sabon layi yake ɗaukarta, ya datse umarnin.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne shirun. Tambayar da aka yi wa rumbu ta faɗi a cikin fayil ɗin umarni, psql ya fita lafiya lau muddin ba ka kunna ON_ERROR_STOP, mai tsayar da shi in an sami kuskure, ba. Kwana uku ana aika wa mutane fayil fanko, wallahi ba wanda ya sani.