Sojan Roba Ya Ƙi Rawaya

(Ɗakin ɗalibi a birnin Notinham, Ingila. Alhaji Tsoho, wanda ya yi shekara 40 yana fentin gidaje da motoci a Kano, ya zo da Hajiya bikin kammala karatun jikansu. Tebur cike yake da 'yan sojojin roba, kowanne bai wuce tsawon babban yatsa ba.)

TSOHO: Kai ja'iri, kuɗin da ubanka yake turowa ashe 'yar tsana kake saya da su?

JIKA: Sojoji ne, Kaka. Wasan yaƙi ne na kan tebur, sunansa Warhammer 40,000. Tun 1987 ake yin sa. Kamfanin da ke ƙera su, Games Workshop, hedikwatarsa ma a garin nan take.

TSOHO: Dubu 40 ɗin kuɗin guda ɗaya ne?

JIKA: A'a, lokacin da za a yi yaƙin ne, nan da wajen shekara dubu 40.

TSOHO: Alhamdulillahi, ba da mu za a yi ba. To me ya sa duk suka yi furu-furu kamar sun faɗa buhun siminti?

JIKA: Haka ake sayar da su, kowa shi zai yi wa nasa fenti. Rundunata Imperial Fists ce, sulkensu rawaya ne. Wata 3 ke nan ina fama, 10 na gama.

TSOHO: Wata 3! Hajiya, kin ji mijin naki? Ni da nake gama Adaidaita Sahu 2 kafin azahar! Miƙo buroshi.

HAJIYA: Alhaji, ka bar wa angona kayansa.

TSOHO: Ana ga wuta yana ga ƙauri. Ba ni wancan baƙin.

JIKA: Kaka, wannan baƙin shimfiɗa ce, wato fentin farko, na fesa masa, na wata runduna ne. Rawaya ba ta hawa kan baƙi.

TSOHO: Ni za ka koya wa fenti? Tun ubanka yana tsumman goyo nake dama kala. (Ya shafa. Shiru.) Kai, wa ya zuba wa sojan nan miyar kuka?

JIKA: Abin da nake gaya maka ke nan. Rawaya shara-shara ce, kamar mayafin 'yan matan yanzu, duk abin da ke ƙarƙashinta sai ya leƙo. In ta hau baƙi, kore-kore take komawa.

TSOHO: Rowa ka yi mata. Fenti in ya yi gardama, ƙara masa ake yi. (Ya dumbuzo da yawa ya lafta.) Yauwa!

HAJIYA: Ina idon sojan ya tafi?

JIKA: Ya tafi tare da hancinsa da tambarin kafaɗarsa. Kaka ya binne su. Ga sawun buroshi nan kamar kunyar gero.

TSOHO: Soja ai ba kyau ya zo yi ba.

JIKA: Zauna in nuna maka. Da farko shimfiɗa fara ake fesawa, ko mai ruwan madara irin wadda suke kira Wraithbone. Sai ka ɗauko Averland Sunset, wata rawaya mai duhu kamar garin ɗorawa da ya kwana biyu, ita ta fi sauran rufe jiki. Ka tsinka ta da ɗigon ruwa.

TSOHO: Ruwa? Ba kananzir ba?

JIKA: Fentin ruwa ne. Ka shafa siriri, ka bari ya bushe, ka sake. Sau 2, sau 3, wani lokaci har 4. In ka koma kansa yana ɗanye, tsigewa zai yi ya bar tabo. Bayan nan sai Yriel Yellow mai haske a wuraren da rana za ta bugi sulken, sannan Flash Gitz Yellow a bakin gefe-gefe kawai, da tsinin buroshi.

TSOHO: Rawaya har kishiyoyi 3 a kan mutum ɗaya. Nawa ne galan?

JIKA: Ba galan. Ga kwalbar nan, mililita 12.

TSOHO: (Ya ɗaga ta a haske.) Wannan ai kwalbar turaren Hajiya ce. In bango zan yi da ita, sai na sayar da gidan kafin in gama zaure.

HAJIYA: To lungu-lungun sulken fa, na ga sun yi duhu. Baƙi ka sa?

JIKA: Nan ne masu koyo suke faɗawa rami, Hajiya. Su kwarara baƙin fenti mai ruwa-ruwa a kan rawaya, soja ya fito kamar bakanike ya kwana ƙarƙashin tirela. Inuwar rawaya ruwan ƙasa take so, ko ruwan goro. Ni Seraphim Sepia nake ɗigawa, cikin tsagar kawai, ba duk jiki ba.

HAJIYA: Ashe kamar lalle ne. Inda ya taru ya fi nuna.

JIKA: Kin fi mijinki ganewa.

TSOHO: Dama can bakinku ɗaya. Wancan kuma fa? La'ilaha illallahu! Wa ya shafa wa soja ruwan hoda? Kamu za a kai shi?

JIKA: Wannan ita ce dabarar da ta fi duka. Ka yi masa ruwan hoda gaba ɗaya, ka fesa fari daga sama kamar hasken rana, sannan ka bi da rawaya mai ruwa-ruwa. Inda fari ya sauka ta fito tas, inda hoda ta rage a ƙasa ya zama ruwan lemo mai ɗumi. Inuwa ta yi kanta, ba ka wahala ba.

TSOHO: Namiji da bindiga, ka fara masa da kwalliyar amare. In abokan gaba suka ji labari fa?

JIKA: Ba mai gani, tana ciki.

TSOHO: Ni na gani.

JIKA: To ga ta malalata. A 2019 kamfanin ya fito da wani fenti, Contrast. Ka ɗauki Iyanden Yellow ka shafa sau ɗaya a kan farar shimfiɗa, shi da kansa zai gangara lungu ya yi duhu, ya bar tudu da haske. Sai dai ka tsane inda ya taru a fili, in ba haka ba ya bushe dabbare-dabbare.

TSOHO: Kana da wannan tun ɗazu ka bar ni na kashe soja? Miƙo fari guda. Miƙo tabarauna, Hajiya. (Ya sunkuya, harshe a waje.) Kai... kai! Duba yadda yake bin tsaga kamar ruwa a kwalbati.

JIKA: Wanke buroshin a kofin ruwa kafin ya bushe.

HAJIYA: Ga shayinka nan kusa da hannunka, Alhaji, yana hucewa.

TSOHO: Kar ki dame ni, ina kan gwiwa. Saura nawa, yaro?

JIKA: 50.

TSOHO: Jirginmu sai jibi, za mu ci rabi. Wancan koren kuma kar ka jefar, ka ce ɗan leƙen asiri ne. (Ya ɗauki kofi bai duba ba, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.) Hajiya, shayin Ingila ba a sa masa sukari ne?

HAJIYA: Naka ga shi can, da buroshi a ciki.