Hana wasan wuta bai kashe bikin 4 ga Yuli ba

Wani marubuci ya ce hana wasan wuta zai kashe bikin 'yancin kan Amurka a ƙananan garuruwa. Sam ban yarda ba. Garin Bristol na jihar Rhode Island tun 1785 yake wannan biki, kuma fareti ne ke tara jama'a: 'yan badujala, tsofaffin sojoji, har layin tsakiyar titi ja da fari da shuɗi aka shafa masa. Jihar Massachusetts ta haramta wa mutane sayen kayan wasan wuta, amma garuruwa kan ɗauko ƙwararru su harba da dare, kowa ya sha kallo. Kai mai cewa an tauye haƙƙi, in tartsatsi ya faɗa busasshiyar ciyawa ya cinye gidan maƙwabcinka, wa zai biya?