Uban wani kuke zagi kuna kurɓar shayi

Makon nan wani rubutu ya zagaye wayoyin mutanen Tawa. Wani ɗan Adar ne, magidanci mai aiki a Yamai, ya rubuta labarin ƙuruciyarsa kashi-kashi. Mahaifinsa ya tafi biɗa Abijan ya bar shi yana rarrafe, bai dawo ba sai da yaro ya yi nisa a lakkwal, ya dawo kuma da wata mata da ɗiyanta da hannu mai saurin duka. Akwai inda ya ce ranar da ya zo na ɗaya a aji ya sheƙo gida da takarda, tsohon ya riƙe ta a juye don bai san boko ba, ya miƙo masa ya ce: "Je ka ba awaki ruwa." Duk mai zuciya zai ji wannan a ƙirjinsa.

Ba da marubucin nake ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ku nake, ƙannena masu karatu. A wata fada na ji ana karanta shi da ƙarfi, shayi na kan gawayi, ana shewa. Wani ya ce: "Wallahi wannan tsoho azzalumi ne." Wani ya ce in shi ne, ko gawarsa ba ya zuwa. A WhatsApp kuma wata yarinya ta aiko da murya tana cewa irin waɗannan iyaye a yanke hulɗa da su kowa ya huta. Dattijon da ba ku taɓa gani ba, mai furfura, yana can kwance yana jinya, kun sa shi tsakiya kuna yagar namansa don daɗin hira. Shi ɗan da aka daka, tun daga farko har ƙarshe bai zagi ubansa ko sau ɗaya ba. A kashin ƙarshe ma ya faɗi cewa shi ke sayen magani. Wa ya kai can a cikinku? Kun tsinci inda ke da yaji kun watsar da saura. Shiga sharo ba shanu.

Kun san abin da ya kori mazan wancan zamani daga gida? Ku tambayi kakanninku farin 1973 da 1974. Ku tambaye su yunwar 1984, wadda har yau ake kira El Buhari saboda Najeriya ta rufe iyaka a lokacin. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kuɗin hannun mutum ya koma rabi dare ɗaya. Waɗanda suka daɗe a Kwaddibuwa yaƙin 2002 ya watso da yawansu, na Libiya kuma 2011 ta koro su, wasu daga su sai rigar wuyansu. Mutum ya yi shekaru yana dako yana kwana bakin shago, ya dawo ya tarar ɗansa na kallonsa kamar baƙo. Wannan bai halatta masa duka ba, ban ce ya halatta ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma kai da ba ka taɓa ciyar da ko kaza ba, har yau jikkar sayen mega wajen inna kake roƙa, rabinta ma cacar ƙwallo ke cinyewa, kai ne alƙalin da zai yanke wa uban wani hukunci?

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa marubucin ɗan banza ne marar albarka, ya tona asirin gida. Su ma sun yi gaggawa, don akwai iyaye masu cutar da ƴaƴansu, kuma za a tambaye su ranar gobe. Sai dai ba su suka fi ba ni haushi ba.

Zagin nan shi ya tsaya mini a rai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa yana daga manyan zunubai mutum ya zagi iyayensa. Sahabbai suka yi mamaki, ta yaya? Annabi (SAW) ya ce ya zagi uban wani, shi kuma ya rama a kan nasa. To ga shi muna gani a fili: ka rubuta "tsinannen tsoho", wani daga dangin ya shigo ya ɗura wa mahaifiyarka ashar, ita tana can tana daka ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Ku buɗe Suratu Maryam ku ga Annabi Ibrahim da babansa. Uba ne da ya ce zai jefe shi, ya kore shi daga gabansa. Sau huɗu a jere Ibrahim yana ce masa "ya babana", da aka kore shi kuma ya amsa da sallama da alƙawarin nema masa gafara. Alƙur'ani bai ɓoye laifin uban ba, bai kuma koya mana ashar ba.

Abin da ya fi muni, zagin ya zama ƙofa. Yanzu kowa na fito da nasa: "Ni ma tsohona haka yake." An hana ka kuɗin moto, ka zama wanda aka zalunta. An yi maki faɗa kan yawon dare, kin shiga sahun marayu. Kuna haɗa ƙaiƙayinku da gyambon wani. Magana zarar bunu ce, ita kuwa waya ba ta mantuwa, wata rana ɗanka zai karanta.

In labari irin wannan ya zo muku, ku karanta har ƙarshe, ku yi wa ɗan da uban addu'a, ku kama bakinku. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da ba naka ba.

Mu da muka taso, ko sunan mahaifi ba a faɗa. Yaron da ya ci sunansa sai dai a ce masa Mai-sunan-baba. In uba ya matsa maka, wajen gwaggo kake zuwa ko kawu, ko ka kwana ɗakin kaka, da safe ita za ta ja zanenta ta je ta wanke shi tas, ba wanda ya ji a waje. Yau gwaggon na ƙauye, rabonka da gaishe ta tun sallar layya, lambarta ma ba ka da ita.