Babur ɗina da sanyin Funtuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Funtuwa cikin watan Janairu ba sai an yi masa bayanin sanyi ba. Ni da babur ɗina shekara shida muna zaman lafiya, amma da hunturu ya kama sai ya koma kamar yaron da ake tasa sallar asuba.

Ranar Litinin, bakwai saura, na fito da shi daga zaure. Na danna sitata, ya yi gyaran murya sau ɗaya ya yi gum. Batir ɗin ma sanyi yake ji. Na koma kan kik, ina bugawa ina murɗa totur har ƙarshe, wai in ƙarfafa masa gwiwa. Na buga har na tuɓe rigar sanyi, ni kaɗai nake gumi a duk unguwar.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, ko in damo masa kunu ne?"

Ban tanka mata ba. Na shiga na ɗauko ruwan zafin wankan yara na sheƙa wa injin. Babur bai tashi ba, yara kuwa sai godiya suke yi mini.

Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun taru. Wani ya ce bumburutu na saya an gauraya da kananzir, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya zama masanin fetur. Wani ya ce kafireto ne. Wani dattijo ya daɗe yana kallon babur ɗin, sannan ya tambaye ni ko ina da abokin gaba a wurin aiki.

Aka yanke shawarar turi. Almajirai uku suka kama, na sa giya ta biyu, muka yi gangara, na saki kuloci. Ya yi tari sau biyu, ya ajiye ni a bakin kwata.

Haka na ja shi zuwa garejin bakin titi. Bakanike bai fito ba, sai yaronsa, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba. Ya kwance fulogi, ga shi baƙi ƙirin, ya jiƙe sharkaf.

"Baba, ai ka shaƙe shi da mai."

Ya kankare shi da burushin waya, ya hure, yana yi mini karatu. Wai da sanyi fetur ba ya saurin zama tururi, baƙin mai kuma ya yi kauri, shi ya sa ake jan cok a rage iska. A ƙyale totur, a buga, in ya tashi a bar shi ya ɗumama minti biyu a mayar da cok.

Na ce, "Ina cok ɗin yake?"

Ya dube ni, ya dubi babur, ya nuna wani ɗan maƙalli a hannun hagu. Wallahi shekara shida a nan nake rataye ledar tsire.

Bugu ɗaya ya tashi. Yaro ya ce ɗari biyar. Na ba shi dubu, rabi na aiki, rabi na rufin asiri.

Da yamma ina shiga gida uwargida ta tarye ni da ruwa, ta durƙusa cikin ladabi ta ce, "Sannu da zuwa, Maigida. Yau a ina ka rataye tsiren?"