Idan yaro zai iya cinye wasan ba tare da ya ƙirga ba, manhajar ba ta lissafi ba ce

Jama'a, musamman matasanmu masu haɗa manhajoji da malaman nazare da firamare, akwai gwaji ɗaya da ya kamata a yi wa kowace manhajar lissafi kafin a miƙa ta ga ɗan shekara huɗu ko biyar. A zauna gefensa, a zuba wa ɗan yatsansa ido, a ga ko zai iya wuce matakin ba tare da ya ƙirga komai ba. In dai zai iya, to haka zai yi, domin babu wanda ya kai yaro gano yanke.

Ga yadda abin yake faruwa. Waya ta nuna mangwaro huɗu, a ƙasa ga lambobi uku: 3, 4, 5. Yaro ya taɓa 3, aka yi wata ƙara. Ya taɓa 4, sai ga tafi da balan-balan da taurari. Kafin kwana biyu ya gane dokar wasan, wato ya bi su ɗaya bayan ɗaya har tafi ya zo, mangwaron kuwa ko kallonsa bai yi ba. Canki-canka kaɗai za ta ba shi daidai sau ɗaya cikin uku. In kuma ƙarar kuskure ta fi ta daidai ban dariya, da gangan zai riƙa faɗuwa. Iyaye su ga ya manne wa waya, su ce ai yana son lissafi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ana cinye lokacin yaro ne a shekarun da ake aza harsashi.

Gyaran shi ne a sa ɗan yatsan ya yi lissafin da kansa. Maimakon "zaɓi amsa", murya ta ce: "Saka mangwaro biyar a kwando." A gefe ga tulin mangwaro goma. Duk wanda ya taɓa sai ya koma kwando, murya ta kira lambarsa a daidai lokacin, ba bayan daƙiƙa biyu ba, domin haɗa taɓawa ɗaya da kalma ɗaya shi ne darasin. Wurin da mafi yawan masu haɗa manhaja ke tuntuɓe shi ne nan: da an kai biyar sai manhajar ta tsaya da kanta ta yi tafi. To ita ta san biyar, ba yaron ba. A bar shi ya ci gaba har shida ko bakwai in ya ga dama, a ba shi madannin da zai taɓa ya ce ya gama. Daga nan a tambaye shi: "Nawa ke nan a kwandon?" Tun 1978 masu binciken tunanin yara Rochel Gelman da Randy Gallistel suka fayyace cewa rera "ɗaya, biyu, uku" daban, gane cewa lambar ƙarshe ita ce yawan abin daban. Karen Wynn ta nuna a farkon shekarun 1990 cewa yara kan fahimci ɗaya, sannan biyu, sannan uku, kowanne da watanninsa. Yaron da ke rera ƙirga har ashirin zai iya kasa miƙo maka duwatsu huɗu.

In ya saka shida, kada a ce masa ya faɗi kawai. Murya ta sake ƙirgawa tare da shi a hankali, kowane mangwaro yana haske, na shidan ya tsaya yana motsi har ya cire shi. In ya kuskure sau biyu a jere, a sauko da adadin. In ya ci sau uku a jere, a ƙara. A riƙa sauya jerin kayan: yau a layi, gobe kamar ɗigon ƙwallon lido, jibi a warwatse, wani lokaci ƙananan abubuwa shida kusa da manya huɗu, don kada ya ɗauka abin da ya fi cika wuri shi ya fi yawa. Lambar da aka rubuta kuwa ta zo bayan kayan, tana gefensu, sai daga baya a janye hotunan.

Ko siffar allon wasa ba ƙaramin abu ba ne. A 2008 Robert Siegler da Geetha Ramani sun gwada wani wasa da 'ya'yan marasa ƙarfi a Amurka: gidaje goma a miƙe, daga 1 zuwa 10, yaro ya juya kibiya ta ba shi taku ɗaya ko biyu. Sharaɗin shi ne in yana kan 3 ya samu biyu, zai ce "huɗu, biyar", ba "ɗaya, biyu" ba. Zama huɗu kacal na minti 15 zuwa 20 ya ƙara musu gane wace lamba ta fi wata da kuma inda take a layi. Yaran da aka ba allo mai launuka ba lambobi ba su samu hakan ba, kuma da aka gwada allo mai da'ira a 2009 bai kai miƙaƙƙen amfani ba. Wanda ya nannaɗe hanyar wasansa don ta yi kyau a ido ya sani yana iya zubar da darasin.

Sai harshe. Yaron da bai iya karatu ba, murya ce malaminsa, don haka a naɗi muryar mutum mai Hausa tsantsa, kowane umarni kada ya wuce kalmomi shida ko bakwai, a sa madannin maimaitawa. Hausa tana da sauƙi a "goma sha ɗaya, goma sha biyu", domin goman tana fitowa fili, kuma kada a gajarta zuwa "sha ɗaya" a matakin farko. Wahalar tana "ashirin, talatin, arba'in", waɗanda daga Larabci muka aro su, yaro ba ya jin goma a cikinsu. Nan ake buƙatar akwatin gidaje goma, biyar sama biyar ƙasa, a cika akwati biyu murya ta ce "goma biyu, ashirin ke nan". A bar "ashirin babu ɗaya" sai an zo ragi. Mai yi wa yaran Nijar darasin kuɗi kuma ya tuna dala sefa biyar ce, dala ashirin ita ce sefa 100, in bai kula ba zai rikita su.

Madanni su kai kamar santimita biyu, kuma a nisanta su daga gefen waya inda tafin hannu ke sauka. Jan abu da yatsa yana wa ƙananan yara wuya, yakan suɓuce a hanya, taɓawa ta fi. Manhaja ta yi aiki ba data, a kan waya mai araha, babu talla ko ɗaya. Ta rufe kanta bayan minti 15 ko 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban na'ura.

Masu ganin raba na'ura ya wadatar su dubi ƙasar Peru. Binciken 2012 a makarantun karkara 319 da ke cikin shirin One Laptop per Child, na raba wa kowane yaro kwamfuta, ya nuna bayan wata 15 yara sun iya kwamfuta, amma sakamakon lissafi bai motsa ba. A Malawi kuwa, Nicola Pitchford ta gwada manhajar onebillion a Lilongwe, cikin harshen Chichewa, rabin awa kullum na mako takwas, aka ga ci gaba musamman ga 'yan aji biyu da na uku. Manhajar onebillion da wata mai suna Kitkit School su suka raba dalar Amurka miliyan 10 na gasar manhajojin koyar da yara ta XPRIZE a 2019, bayan gwajin wata 15 a ƙauyukan Tanga na Tanzaniya, da Swahili, ana cajin na'urorin da hasken rana.

Kafin ka saki manhajarka, nemi yara biyar da ba su taɓa ganinta ba, ka yi shiru ka rubuta duk inda suka tsaya ko suka fara danne-danne. Bayan mako guda ka ajiye wayar, ka zube duwatsu goma a tabarma, ka ce wa kowanne: "Ba ni bakwai."