Yadda Na Zama Abokin Cin Kunun 'Yata

Ranar da 'yata ta cika wata shida, ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwarmu ta ɗiga mata bitamin A a baki, sannan ta shaida wa uwargida cewa lokacin nono zalla ya wuce, a fara haɗa mata da abinci, a kuma ci gaba da shayar da ita har ta kai shekara biyu. Uwargida ta kawo mini wannan bayani a taƙaice, amma da yake ni malamin makaranta ne, kuma yarinyar ita ce ta fari, sai na ga bayanin ya yi kaɗan. Na kwana uku ina bincike a waya, na cika shafi huɗu da ƙa'idoji: a fara da cokali biyu zuwa uku, sau biyu ko uku a rana, kunu ya yi kaurin da ba zai tsiyaye daga cokali ba, kada a sa sukari ko gishiri, kuma kada zuma ta taɓa bakinta sai ta shekara.

Ranar Asabar na nufi kasuwar Dawanau, inda ake lodin hatsi a manyan motoci, na tsaya gaban wani mai tarin buhuna na ce a auna mini rabin kwano na gero, da na dawa, da na masara, da na waken soya, da na gyaɗa. Mutumin ya dube ni daga hula har takalmi, ya tambaye ni ko kiwon tantabaru na fara. Aka wanke hatsin aka shanya, aka soya sama-sama, aka surfe ɓawon waken, ni kuma na ɗauki roba da kaina na shiga layin yara a wurin niƙa, inda na ɓata rabin sa'a ina jayayya da mai inji a kan lallai sai ya kwance shi ya goge, domin barkono aka gama niƙawa a gabana.

Kuskurena na farko shi ne na dage cewa cokalin farko da hannuna za a ba ta, na biyu kuma shi ne na zaɓi hantsin Juma'a, bayan na riga na sa farar shaddata mai sitaci. Yarinya ta dubi cokali ta datse baki kamar an sa kwaɗo. Na yi kukan akuya, na yi ƙarar babur, na yi carar zakara, abubuwan da idan ɗalibaina suka ji ba zan sake iya tsawata musu ba. Da ta buɗe baki tana dariya sai na yi wuf na zura cokalin. Ta riƙe kunun a baki na ɗan lokaci, ta ƙura mini ido, sannan ta furzar da shi gaba ɗaya, tun daga aikin wuyan riga har kan hula. A tsohon kaftani na je masallaci.

Da yamma Hajiya ta zo, ta ji labari, ta ce, "Kai, miƙo mini kishiyar nan tawa in yi mata ɗure, haka na yi muku ku bakwai, ga ku nan kamar bijimai." Na durƙusa na yi mata bayani cikin ladabi cewa ma'aikatan lafiya sun hana toshe wa yaro hanci a ɗura masa kunu, saboda yana iya bin hanyar numfashi ya shaƙe shi. Ta ce to a ɗiga zuma ya yi zaƙi. Na sake durƙusawa na ce ita ma zumar tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da cikin jariri bai yi ƙwarin jurewa ba. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Madalla, likita bokan Turai. Ga fili ga mai doki."

Na karanta cewa yaro kan ƙi sabon abinci har sau goma kafin ya karɓa, don haka na zana layi a littafi ina lissafi. Muka gwada kabewa, muka gwada ayaba, muka gwada gwaiduwar ƙwai, duk suka ƙare a tabarma ko a gemuna. Kullum kuma kunu na ragewa, ni kuwa da na san kuɗin da ya ci ba zan bari a yi almubazzaranci ba, sai in zuba masa sukari da madara in shanye.

A rana ta goma sha biyu ina zaune tana kan cinyata, ina cin dafaffen dankalin Hausa, sai ta kai hannu ta damƙi wani yanki mai laushi, ta murƙushe shi, ta tura a baki ta haɗiye ba tare da kukan akuya ko ɗaya ba. Uwargida ce ta gano bakin zaren: yarinyar ba ta son abin da aka miƙa mata, abin da ta ga ana hana ta take so. Daga ranar aka koma zuba kunun a kofina, in riƙa sha ina kau da kai kamar marowaci, sai ta yi ta miƙa hannu tana ƙorafi kafin in ba ta. Dabarar ta yi aiki, sai dai kafin ta sha cokali uku ni na sha goma.

Da ta cika wata tara muka kai ta rigakafin ƙyanda, aka ɗora ta a ma'auni, ma'aikaciyar ta duba kati ta yaba, ta tambaya ko kunun haɗin yana karɓar jiki. Uwargida ba ta ce komai ba, sai ta nuna ni da haɓa, ina tsaye a bakin ƙofa cikin farar shaddar nan, wadda tela ya buɗe mata inci biyu a kowane gefe a makon da ya wuce.